Kwabon da Ke Kan Allurar Garmaho

Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin naka, ya ciwon gwiwar? Ya Anti da yara? Mu nan lafiya lau.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna bayan shekara shida. Maganar faifan marigayi Baba ce, guda ɗaya tilo da ya buga jita a ciki, wanda a ƙarshensa yake dariya yana kiran Mama. Ka tuna ranar da dariyar ta shaƙe, na rantse kai ka karce shi, na kwashe garmaho da faifai na yi gaba. Ka san ni da baki.

Shekaranjiya na kai garmahon wurin wani dattijo mai gyara. Ya ɗora kan allurar bisa ƙaramin madubi mai zane-zanen layi, ya kanne ido ɗaya, ya ce ta karkace. Karkatar ba ta fi silin gashi ba, amma a cewarsa ɓarnarta ta fi yawa can kusa da tsakiyar faifai, inda kiɗan ke ƙarewa, daidai inda Baba yake dariya. Daga nan ya nuna kwabon da ke manne a samanta, ya tambayi wanda ya yi wannan aika-aika. Ya ce da karkatacciyar allura da nauyin kwabo, kullum noma ake yi a cikin layin faifan da allurar ke bi.

Yaya, ni ce. Ina 'yar shekara sha biyu allurar ta fara tsalle, na murɗa ta, na manna kwabon da cingam don ya danne ta, har ina jin kaina injiniya. Wallahi kunya kamar in nutse a shagon.

Dattijon ya ɓanɓare kwabon, ya sassauta ƙananan kusoshi biyu, yana gyarawa yana leƙa madubi, kusan awa guda. Da ya saka faifan, jitar ta fito tas, har da ƙarar yatsun Baba a kan tsirkiya. Amma ya gargaɗe ni cewa layin ƙarshe ya sha wuya, bai yi alkawarin zai jure ji da yawa ba.

Ana dab da kaiwa wurin dariyar na ɗaga allurar. Ban ji ba, kuma ba zan ji ni kaɗai ba.

Ka yafe mini. Ka zo ran Asabar, ko da gwiwar ce, na ajiye maka kujera kusa da lasifika.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka mai laifi,
Auta