Tafkin da ke ƙarƙashin gadona

Anti, don Allah ki cece ni kafin Alhamis. Ni malamar tarihi ce a sakandare. Na gaji da ganin yara suna hamma a kan yaƙe-yaƙe, sai na ce mu taɓa tarihin muhallinmu: kowa ya tambayi kakansa yadda unguwar take a da. Wallahi ni na jawo wa kaina.

Cikin yara talatin da takwas, ashirin da shida sun rubuto labarin wani tafki mai kifi da tsuntsaye, inda ruwan sama ke taruwa. Duk sun ce mutum ɗaya ne ya kawo tifa-tifa na ƙasa ya cike shi, ya gina gida. Anti, Baba ne, surukina! A gidan nake aure. Sai yanzu na gane abin da ya sa duk damina nake ɗora katifa kan tebur. Abin haushi, Baba ne kullum a ƙofar gida yana mitar yaran zamani sun ɓata gari, ko tsuntsu babu.

Ranar Alhamis yara za su karanta aikinsu a gaban iyaye, kuma Baba ne babban baƙo. Har ya kai kayansa guga. Maigidana dariya kawai yake yi. Tsohon nan ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa, ba na son ya ji kunya, ba na kuma son koya wa yara ɓoye gaskiya. Ko in ce takardun sun jiƙe?

Malamar da ta tono tafki

Malama, kada ki ce sun jiƙe. Za a tambaye ki wane ruwa, a sake dawowa kan tafkin.

Darasinki ya yi kyau, sai dai bai cika ba. Kin ji ta bakin kakanni ashirin da shida, ba ki ji ta bakin Baba ba, kuma aji ba kotu ba ne. Wataƙila sauro ne ya addabi unguwar, har aka yi masa godiya a lokacin. Su waɗancan kakannin, a kan me nasu gidajen suke?

Ki same shi yau, ki gaya masa komai cikin ladabi, kada ya fara ji ta lasifika. Ki roƙe shi ya ba yara labarin da bakinsa. In ya ƙi, a karanta ba suna. Ina zaton mai mitar tsuntsayen nan ya fi kowa kewar tafkin.

Ki kuma tambaye shi ta ina ruwan yake fita a da, ko katifarki ta sauko daga tebur. Allah ya sa Alhamis ta yi kyau.