Gicciyen Kwangiri

Hayin Dogo, Samaru, Zariya.
Agusta, 2006.

Zuwa ga mahaifina, marigayi Dogara, fita, wato makanike, na loko, shagon gyaran injinan jirgin ƙasa.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da girmamawa, irin wadda ta kamaci ɗa ga ubansa. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Zan miƙa wannan ga masu buga 'yar jaridar majami'armu, duk wanda ya ga dama ya karanta, amma da kai nake magana.

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan ina riƙe da kai a zuciya, ban taɓa faɗa maka ba. Ranar da na dawo daga Samaru da takardar shiga jami'a, na same ka zaune a ƙofar gidanmu na kwatas kana goge baƙin mai daga hannunka da kananzir. Ka sa na karanta maka, na fassara. Ka ce, "To, madalla. Ran Litinin za ka fara a ofishin kaya, na riga na gama magana da babban akawu." Na ce, Baba, jami'a fa. Ka ce, "Makarantar da aka buɗe jiya? Reluwe ta girme ni, kuma za ta ga jikokinka."

Na bi maganarka. Ƙuruciyata ta ƙare a kan auna buhunan gyaɗa da ɗaurin auduga da fatu. Da jirgi ya fara zama abin da sai an yi sa'a a ji kukansa, aka sallame mu. Yanzu ina zaune a shagon wani a bakin ƙofar jami'ar da ka hana ni, ina gyara wa ɗalibai Turancinsu kafin a buga. Baba Reluwe suke ce mini. Wasu malaman malamansu a bayana suke a aji.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Tsoro nake ji, Baba, kuma ba ni da wanda zan gaya wa ya gane sai kai.

Ka tuna yadda aikin gicciye ya fara. Ina yaro aka tumɓuke ƙaramin layin nan na Jos, aka jibge siririn kwangirinsa a bayan loko. Wani fayaman, mai zuba wa inji gawayi, ya rasu, aka kafa masa gicciyen katako, kafin damina ta zagayo gara ta cinye. Kai ne ka roƙi foman, shugabanku na loko, ya ba ka guntun kwangiri. Ka yanka shi biyu, ka huda, ka ɗaure da noti, ka buga sunan mutumin da haruffan ƙarfen da kuke sa wa kayan inji lamba. Daga nan ya zama al'ada. Duk Kiristan da ya rasu cikin ma'aikatan reluwe, ko matarsa ko ɗansa, Bahaushe ne ko Ibo ko Bayarabe ko mutumin kudancin Zariya, gicciyen kwangiri ake kafa masa. Ba siminti, ba gini. Kun ce siminti tsagewa yake yi, ƙarfe kuwa wa zai iya ɗauka, kuma ya ɗauka ya yi me da shi? Har kusurwar nan ta maƙabarta ta samu suna, layin reluwe. Kakan yi dariya ka ce, "An jera mu tarago-tarago. Ranar tashi ba wanda zai rasa jirginsa."

Ba ka iya karatu ba, don haka ni nake rubuta sunan da alli a jikin ƙarfen, kai kuma ka nemo harafin da ya yi kama da shi ka buga. Ranar da muka yi na Mama ka kori kowa daga wajen maƙerar. Na rubuta SARATU. Da ka zo kan harafi na biyar hannunka ya yi rawa, ya fito a karkace. Na ce a sake wani ƙarfe. Ka ce, "Bar shi. Ta san hannuna."

Naka kuwa da kanka ka yi shi tun kana da ƙarfi, ka jingine shi a bayan madafa, kaji suna hawa. Shekarar rasuwa kaɗai ka bari, ni na aro haruffa na buga ta.

Duk shekarun nan ban taɓa riƙe wurin kabarinku da ido ba. Ba wanda ya yi haka a cikinmu. Tudun ƙasa ruwa ya baje shi tuntuni, ciyawa ta rufe. Shiga kawai muke yi mu bi ƙarfe muna karanta sunaye, kamar mai bin taragai yana neman nasa, har mu iso. Ƙarfen shi ne kabarin.

Abin ya faro ne daga nesa da ku. Layin Gusau da ya bi ta ƙofar gidana, mata suna shanya barkono a kansa, awaki suna kwana. Sai aka fara wayar gari a ga notin da ke riƙe da dogo babu. A Sabon Gari kuma wayoyin sigina suka ɓace, hannuwan sigina suka bi, tagogin ƙarfen tsohon ofishinmu suka bar ramuka kamar bakin tsoho. Masu sayen tsohon ƙarfe suka yi yawa a gari, tireloli suna lodi suna yin kudu, inda ake narkawa. Ban damu ba. Da na ga an kwashe ƙofar ofishin kaya ma cewa na yi a raina, su haɗa har da ginin.

A makon Ista muka je share kabari da shafa fenti kamar kullum, ni da 'yata Rahila, jikarka da ba ka gani ba. Tun daga nesa na hangi wata tsohuwa tsaye cikin ciyawa tana juyawa dama da hagu. Mama Okon ce, matar abokinka mai gyaran tukunyar inji. Tana ganina ta kama rigata.

"Ishaya, ina Oga na? Nan na bar shi Kirsimeti. Nan ne, ko can ne? Kai ka yi makaranta, ka duba mini."

Gicciyen jerin baya gaba ɗaya babu. Sai ramuka nan da can, wasu ma sun rufta. Na nuna mata wani rami na ce ina jin nan ne. Ta durƙusa ta yi addu'arta a wurin. Har yau ban san a kan wa ta durƙusa ba.

Naku yana nan a ranar. Na dafa na Mama na girgiza shi, na ji ya motsa. Baba, siririn kwangiri ne. Mutum biyu da diga sun ishe shi. Abin da ya sa ya yi muku sauƙin ɗauka daga loko shi ne zai sa ya yi musu sauƙi.

Na sami mai gadin maƙabarta, tsoho kamata. Ya nuna mini sandarsa ya ce, "Malam, ka ga makamina. Su kuwa da adda suke zuwa. Ni ma ina da 'ya'ya." Na je wurin dattawan majami'a, suka ce za a zauna a kan maganar.

Rahila ta ce mu tumɓuke naku mu kai gida kafin a riga mu. Na kwana biyu ina juya maganar. In na cire da hannuna, na ɓatar da wurin da hannuna. In na bari, na bar wa ɓarayi. Daga ƙarshe muka ɗauki mai tura kura, ya kai mana manyan duwatsun marmara, muka jera a kewayen kabarinka da na Mama. Na ce ko sun ɗauki ƙarfe, dutse ba shi da kasuwa. Na koma gida da ɗan sanyi a zuciya.

Amma barci ya ƙi. Ko maƙerin unguwarmu ya buga guduma sai gabana ya faɗi. Duk tirelar da ta wuce ta titin Samaru da ƙarfe a baya, sai in bar aikin da nake yi in fito in bi ta da ido.

Cikin watan jiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Washegari Rahila ta zo shago a kan acaɓa, ba ta ko sauka ba ta ce, "Baba, hau."

Ba su bar ko ɗaya ba. Wannan karon da babbar mota suka zo, suka shigo da ita maƙabarta har tsakiyar layin reluwe. Motar ta kafe a taɓo, suka yi ta gaba da baya, tayoyi suka dame wurin kamar inda aka kwaɓa ƙasar gini. Duwatsun da na jera muku kuwa, can na same su a bakin hanya, a cikin sawun taya. Su suka tattara suka cusa a ƙarƙashin motar har ta fita.

Na shiga taɓon har gwiwa. Na tsaya nan na ce nan ne, na matsa can na ce a'a, nan ne. Rahila tana bina tana riƙe da takalmana, tana cewa, "Baba, ka tuna mana. Kusa da me suke?" Kusa da Bitrus direba kuke, da matar Adebayo. Su kuma kusa da ku suke.

Wani ya ce mini in duba wani fili a Chikaji inda ake tara tsohon ƙarfe. Na tafi ni kaɗai da rana tsaka. Tsibi ne ya fi gida tsayi, ga babban sikeli, ga masu yanka da wutar gas. Na yi kamar mai neman ƙarfen ƙofa ina zagayawa. A gindin tsibin na ga guntayen siririn kwangiri, an kwance notin, an yayyanka su gajeru. Na juya ɗaya da ƙafa. Haruffa uku suka rage a jikinsa, KON, bugun hannunka.

Mai wurin ya taso daga kan benci, mutum mai fara'a da farar riga. Ya ce, "Baba, sannu da zuwa. Me ake nema?"

Na ce, wannan daga maƙabarta ya fito.

"Subhanallahi. Daga wajen Gusau aka kawo mana. Mu saye muke yi, ba ma tambayar ƙarfe garinsu."

Na ce, ga suna a jiki.

Ya leƙa, ya ce, "Lambar kamfani ce." Masu yankan suka kashe wutarsu. Wurin ya yi tsit, suka tako suka tsaya a bayana. Sai mutumin ya dafa kafaɗata a hankali ya ce, "Ba kai ne Baba Reluwe na Hayin Dogo ba? Mai ƙofa shuɗiya, kusa da famfo? 'Yarka ce ke koyarwa a Muciya ko? A gaishe ta. Rana ta yi zafi, Baba, je ka huta."

Na tafi. Ban ko ɗaga guntun na kai wa Mama Okon ba. Na hau bas na koma gida, kuma tun ranar nakan leƙa titi kafin in buɗe ƙofa. Na hana Rahila dawowa gida ita kaɗai.

Duk da haka ba su ne babban tsorona ba. Maƙabarta ta cika, Baba. Ran Lahadin da ta wuce, bayan sujada, na ji mai haƙa kabari yana gaya wa wani dattijo cewa yanzu an samu fili a kusurwar can. Baƙo ne a garin, bai san komai ba, fili ya gani. Na tare shi na ce akwai mutane a wurin. Ya ce, "To Baba, nuna mini inda suke in kauce." Na juya na dubi wurin. Ciyawa ta riga ta fara tsirowa a kan taɓon, kore shar, daidai wa daida. Wata rana za a yi rasuwa, ya ɗauki digarsa ya nufi can. Ina ganin abin a idona ko da rana: bakin diga yana sauka, ni ina tsaye, ban san ko a kan Mama yake sauka ba.

Rahila ta tambaye ni shekaranjiya, tana yanka albasa, ba ta dube ni ba. "Baba, kullum kana cewa a sa ka wajen ƙafar Kaka Dogara. In lokacin ya yi, ina za mu ce a haƙa?" Na ce mata tuwon ya yi.

Babana, na yi fushi da kai tsawon rayuwata, amma duk shekara sai na zo da buroshi da gwangwanin fenti. Ina shafa baƙin fenti a jikin naka ina yi maka gunaguni a zuci, in na zo kan na Mama in sa ɗan yatsa in share cikin karkataccen harafin nan don kada fenti ya cike shi. Nan ne kaɗai nake iya zama kusa da kai ba tare da ɗayanmu ya tashi ya bar wurin ba. Ina tuna tafin hannunka a keyata ranar da ka fara ɗora ni a kan inji, zafi yana dukan fuskata, kana ce mini, "Kar ka ji tsoro, ina riƙe da kai."

Ubangiji Allah, wanda ya san inda kowane ƙashi yake kwance, ya tsare makwancinku daga diga. Ya ba Mama Okon haƙuri. Ya kare Rahila a hanya. Ya ba ku hutawa, kai da Mama da dukan mutanen layin reluwe, har ranar da zai kira kowa da sunansa. A cikin sunan Yesu Almasihu, amin.

Jiya na sake komawa, na tsaya har rana ta karkata. Ban san inda kake ba, Baba. Ban san inda Mama take ba.

Ɗanka,
Ishaya.