A takardun likitoci na riga na mutu

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kuma ki karanta har ƙarshe kafin ki ce na zare. Kwanakin nan sai in riƙa mintsinin hannuna don in tabbata ina nan, abin haushi hannun ma ba kullum yake ji ba.

Ni malamar firamare ce. Ina da ciwon da likitoci ke kira MS, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta riƙa cin rigar da ke lulluɓe da jijiyoyi a ƙwaƙwalwa da laka. Ya fara mini ina budurwa. Alli ya riƙa suɓucewa daga hannuna, ido ɗaya ya dushe. Yayana da nake bi likitan ƙwaƙwalwa ne, kuma saboda ni ya karkata ga binciken wannan ciwo. Shi ya fara sa ni cikin na'urar ɗaukar hoto mai kama da dogon bututu, wadda ke ta bugu kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Hoton ya fito da fararen tabo a jere, kamar yaro ya dafa tafin hannunsa a tsakiyar kaina. Yaya ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, ya roƙe ni ya sa shi a bincikensa ba tare da sunana ba. Na sa hannu da murna. Me zan hana Yaya?

Takardar binciken da ya wallafa ta yi farin jini. A aikinsu, wajen ƙarin girma ana duba yawan masanan da suka ambaci rubutunka a cikin nasu, har akwai shafin da ke ƙirga musu. Yaya ya sa wa wayarsa wani siririn ƙara, kamar an taɓa kofi da cokali, da ke tashi duk sanda aka ambace shi. Muna cikin cin abinci a gidan Inna sai wayar ta yi, ya yi murmushi, Inna ta ce Allah ya ƙara, matarsa ta ce wayar nan ta fi ta iya faranta masa rai. Ya rubuta wasu takardun da yawa daga baya, babu wadda ta kamo ƙafar wannan. Hoton yana bangon ofishinsa cikin gilashi, sama da na 'ya'yansa.

Kwanakin baya ya yi tafiya, ƙafata ta hagu ta yi nauyi, sai na je wani asibitin. Aka ɗauki sabon hoto. Wata matashiyar likita ta buɗe shi a kwamfuta. Ta dube ni, ta koma kan hoton. Can ta miƙo hannu ta kama wuyan hannuna, ba irin kamun likita ba, irin na mai son tabbatarwa. Ta ce ta san wannan ƙwaƙwalwa, da ita aka koyar da su, har a jarrabawa ta fito, ɗalibai "Tafin Hannu" suke ce mata. Ta ce amma ai mai ita ta rasu tuntuni, haka yake a rubuce.

Na ce mata to ga ni dai. Ta shiga buɗo rubuce-rubuce tana yi mini bayani. Ashe wani masani ne a wata ƙasa, wajen ambaton aikin Yaya, ya rikita ni da wata mara lafiya, ya rubuta cewa mai wannan hoto ba ta daɗe ba ta mutu. Na bayansa bai koma ya karanta na Yaya ba, ya kwafa daga wancan, haka aka yi ta kwafa. Yanzu a wurinsu irin wannan tabo alamar gajeren kwana ce, kuma ni ce hujjar. Wani ma har ya faɗi yadda na ƙare, wai a kwance, ba na magana.

Da Yaya ya dawo na same shi. Ko gezau bai yi ba, ashe ya daɗe da sani. Ya ce shi bai taɓa rubuta cewa na mutu ba, kuma gaskiya ne. Ya ce in ya nemi a gyara, za a tono cewa ƙanwarsa ce, alhali ƙa'idarsu ita ce a bayyana haka tun farko, shi kuwa bai bayyana ba. Ga kwamitin da zai ba shi farfesa yana gab da zama. Wai in bari a wuce wannan tukuna. Yana magana yana kallon goshina. Ranar na lura ya daɗe bai kalli idona ba.

Bayan haka ya gabatar da lacca a jami'arsu, muka je da Inna muka zauna a baya. Aka rage fitilu, sai ga cikin kaina a jikin allo, ya fi ƙofar ɗaki girma. Aka tafa. Wani dattijon likita ya miƙe ya tambayi shekara nawa marigayiyar ta yi da ciwon kafin ta cika. Yaya ya ɗauki ruwa ya kurɓa. Ya hango ni, na san ya hango ni. Ya ce wannan tambaya ce mai muhimmanci da za a tattauna nan gaba. Inna ba ta jin yaren da aka yi laccar da shi, tana ta tafi tana share hawayen murna.

Tun ranar ban koma daidai ba. In wayarsa ta yi ƙaran nan, ji nake wani ya sake binne ni a wata ƙasa. Ƙofar asibiti mai buɗe kanta ta ƙi buɗe mini rannan, na tsaya tsuru-tsuru har wani ya zo ta buɗe masa. Na san lalacewa ce, amma sai da na je bayi na duba madubi. In na shiga aji yara ba su miƙe da wuri ba, gabana faɗuwa yake.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wata yarinya da nake haɗuwa da ita a layin ganin likita. An ce mata hoton ƙwaƙwalwarta ya yi kama da nawa sanannen nan, ta je ta karanto abin da ya sami mai shi. Ta bar karatu, ta fara raba kayanta, tana cewa allurar da ake mata ma ba ta ga amfaninta ba. Ina zaune kusa da ita, kafaɗarmu na gogar juna, tana ba ni labarin mutuwata. Ban gaya mata ni ce ba, don in na faɗa na tona Yaya.

Gwaggo, Yaya ne ya goya ni lokacin da ƙafafuna suka ƙi, shi ya nemo mini magani. In jira ya zama farfesa, ko in fito in ce ina raye?

Wadda aka binne a takarda

*

'Yata,

Ba ki zare ba. Duk wanda ya zauna a kujerar baya a zauren lacca yana ji ana tambayar ranar mutuwarsa, ɗan'uwansa kuma ya kurɓi ruwa ya wuce, dole ya je ya duba madubi. Amma ki riƙe wannan: kuskuren kwafi ne, ba ishara ba ce. Mutumin da ya kashe ki a takarda bai san ko launin fatarki ba, kwananki kuwa ba a hannunsa yake ba. Ƙofar asibiti kuma a kira mai gyara.

Bari in fara da kare Yayanki. Bai ƙirƙiri ƙaryar ba, kuma tsoronsa ba na banza ba ne, don yana iya shan tambayoyi, kujerar farfesan ma ta jinkirta. Ina kuma zargin kallon goshin nan kunya ce, ba rashin ƙauna ba. Mutum ba ya iya haɗa ido da wanda ya san yana cutarwa.

Sai dai shirunsa ya tashi daga matsalar gida. Likitoci suna dogara da abin da ke rubuce su gaya wa mutane makomarsu, ga yarinya tana raba kayanta. "Bari a wuce wannan" ba ya ƙarewa. Bayan farfesa akwai wata kujerar, kuma gyaran zai fi ɗaci in wani ne ya gano. Kar ki manta, likita ɗaya ta riga ta kama hannunki ta ji ɗumi.

Ga abin da za ki yi. Yarinyar ba za ta jira kwamiti ba. Ki koma wurin matashiyar likitar nan cikin makon nan, ki ba ta izini ta shaida wa likitan yarinyar cewa mai hoton tana raye tana koyarwa. Ba sai an kira sunan kowa ba. Ke kuma kar ki yi wa yarinyar alkawarin yadda nata ciwon zai kasance, ki dai ƙarfafa ta ta koma kan maganinta.

Sannan ki sanar da Yaya abin da kika yi, daga bakinki, kar ya tsinta a waje. Ki same shi a ofis, ba a gaban Inna ba, ba kuma da barazana ba. Ki ce kina so ya rubuta wa mujallar da ta buga bincikensa gyara kafin kwamitin ya zauna, ya faɗi dangantakarku da kansa. Mujallu suna buga gyara, kuma wanda ya kai kansa ya fi wanda aka kamo daraja. Ki tuna masa cewa mara lafiyar da aka ce ta mutu, ga ta shekaru bayan nan tana tsaye gaban allo, ita ma abin rubutawa ce. In ƙaran wayar yake so, wannan ma za ta yi ƙara. Idan ya ƙi, kina da ikon rubuta musu da kanki, ƙwaƙwalwarki ce. Amma ki ba shi dama ya riga ki.

Daga yau ki nemi likitan da ba ɗan gidanku ba, ki kuma gaya masa wannan faɗuwar gaban, kar ki riƙe ta ke kaɗai. Yaya ya koma Yaya kawai.

In kin shiga ofishin, kar ki zauna. Ki je ki tsaya a gaban hoton nan, ki tare shi da jikinki, ki gaishe shi, ki ƙi cewa komai har sai ya kalli idonki. Ina kyautata zaton wanda ya goya ki yana nan bai tafi ko'ina ba.

Allah ya ba ki sauƙi, ya daidaita tsakaninku, ya ja kwananki har ki ga an koyar da ɗalibai gyaran.

Gwaggonki