A Kan Ɓerayen da Iya Ta Yi Wa Magani

Zuwa ga Shugaban Sashen Bayokemistiri na jami'ar da 'yata ke karatu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da malaman sashenka. Ni tsohon malamin firamare ne, mazaunin Kwarbai a cikin birnin Zariya, mahaifin Sa'adatu, ɗalibarku ta ajin ƙarshe. Na yi ta sintiri ofishinka ban dace da kai ba, shi ya sa na rubuto a fili. Na kuma san ba gidana kaɗai aka kai wa ɓeraye ba.

Na ɗaya. Kun sharɗanta cewa babu mai karɓar digiri sai ya ci furojet, wato binciken da ɗalibi ke yi da hannunsa a shekarar ƙarshe, wanda ya faɗi kuma sai ya jira wata shekarar ya sake rajista. Ban ja da wannan ba. Sa'adatu ta ci duk sauran kwasa-kwasanta, har da kemistirin nan na aji biyu da ya ramar da ita kamar mai jinya. Bincikenta gwajin ruwan shuwaka ne a kan fararen ɓeraye masu ciwon suga. Ita ta roƙa aka ba ta shi, saboda kakarta, mahaifiyata, wadda duk gidan muke kira Iya, ta daɗe tana fama da ciwon.

Na biyu. A farkon zangon ƙarshe aka ce ɗakin dabbobin sashenku ya cika, kowa ya nemi inda zai ajiye nasa. Sai ga Sa'adatu a Keke Napep da keji biyu. Muka share ɗakin da ke jikin na Iya, muka kai kyanwarmu gidan maƙwabta zaman gudun hijira. Ikon Allah, Iya da ta ƙare ƙuruciyarta tana ɗana wa ɓera tarko, sai ga ta kan kujera 'yar tsugune a bakin ƙofa tana yi musu sannu da zuwa. Baƙin Sa'adatu take kiransu. Takan tsokani jikar tata cewa duk 'yan matan unguwa samari ke sallama da su, ita kuwa ta kwaso masu jan ido da jela.

Na uku, kuma nan ne maganar take. Ƙa'idar gwajin ita ce a ba keji ɗaya magani, a hana ɗayan, don a ga bambanci. Ku wannan a wurinku abu ne da ɗan aji ɗaya ya sani. Iya kuwa abin da idonta ya gane mata shi ne marasa lafiya a ɗaki guda, ana ba waɗansu magani ana tsallake waɗansu. Waɗanda ake tsallakewa suka fara ramewa, suna ta shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, kuma ta san wannan ƙishirwar, a jikinta take. To, da Sa'adatu ta fita lacca, sai Iya ta tsiyaya musu daga kofin shuwakar da take sha. Ba ɓoyewa ta yi ba. A ganinta ba abin faɗa ba ne, kamar dai ka watsa wa kaza tsaba.

Da aka ɗebi jininsu aka auna, keji biyun suka fito kusan iri ɗaya, babu abin da za a kwatanta. Sa'adatu ta dawo ido jajawur. Iya ta jawo ta jikinta tana lallashi, tana cewa ta kwantar da hankalinta, ai ita shaida ce ba a tauye haƙƙin ko ɗaya ba, da hannunta ta riƙa cika wa waɗanda aka manta da su. A haka muka ji abin da ya faru. Wallahi yarinyar nan ba ta ɗaga wa kakarta murya ba. Ta je da ƙafarta ta faɗa wa malamin da ke duba aikinta gaskiya, aka ce sai baɗi.

Ranka ya daɗe, tun ranar Iya ta daina tsokana. Tuwonta sai an yi da gaske take taɓawa, kuma mai ciwon suga ba ya wasa da abinci. Atamfar da ta ajiye don ranar yaye ɗalibai ta mayar da ita ƙasan adaka. Cewa take ta cinye wa jikarta shekara, alhali ita kanta ba ta san ko tana da wata shekarar ba. Ni ɗanta ne, in na ji wannan sai in fita zaure, don ba na so ta ga fuskata.

Na huɗu. Ba makin da ba ta ci ba nake roƙa wa 'yata. Na yi koyarwa, na san darajar jan biro. Amma a yi adalci: kun ɗauki aikin ɗakin gwaji kun aika shi gidan tsohuwar da aka yi wa tarbiyya a kan cewa dabbar da ka tsare amana ce, Allah zai tambaye ka cinta da shanta. Ta yi abin da aka koya mata. Da ɓerayen nan a ɗakinku suke, da yanzu maganar ɗinkin atamfa muke yi.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A bar Sa'adatu ta maimaita gwajin a dogon hutun nan, don sakamakonta ya tafi tare da na 'yan ajinsu. A samar wa ɗalibai wurin ajiye dabbobi, tunda an wajabta musu aiki da su. In kuwa dole sai an kai gida, a umarci ɗalibi ya zaunar da mutanen gidan ya yi musu bayani da harshen da suke ji, har da tsofaffi, musamman ma tsofaffi.

Da na karanta wa Iya wannan takarda, ta ce in ƙara nata saƙon. Ta ce a gaya wa Malam Babba ta fahimta yanzu, ta gane hana waɗancan maganin shi ne hanyar samo wa irinta magani. Amma in an yarda an sake kawo su, a kai ta gidan ƙanwarta a Ƙofar Galadima har a gama, kada a dawo da ita ko ta roƙa. Ta ce ta san halinta, in ta ji suna lasar ruwa ba za ta iya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya shirya maka zuri'a, ya sa ka gama da naka iyayen lafiya. Iya ta riga ta fara sa ka a addu'arta tun ba ka ce komai ba.

Wassalam.

Mahaifin Sa'adatu,
Kwarbai, Birnin Zariya.