Man Shafawar Hajo

Litinin, 2 Nuwamba 1992

An kawo mini Hajo riƙo daga ƙauyen Fulatan, 'yar wan maigidan. Shekara bakwai, idanu dara-dara. Uwarta Lantana ta ce in na kasa, in faɗa. A littattafan da nake haya, amarya fure ake kawo mata. Ni yarinya mai faso aka kawo mini.

Alhamis, 5 Nuwamba

Ta dawo daga firamare da kuka. Wai yaran nan garin Karaye suna ce mata mai ƙafar toka. Man kaɗe ta zo da shi, ni kuwa ba na son warinsa. Na sayi gilisirin wajen mai koli, na kwaɓa su, na tsiyaya turaren lefena. Ta fita tana ƙamshi kamar Jamilar littafina.

Asabar, 7 Nuwamba

Kuraje. Wuya da hannuwa. Tana ta susa.

Lahadi, 8 Nuwamba

Maƙwabciyata Kande ta leƙo, ta ce wa yake shafa wa ƙaramin yaro man kwalba, ai na manya ne, cin fata yake yi. Maigidan kuwa cewa ya yi, “Juma'a ta sama Lantana za ta zo.” In ta ga haka za ta tafi da ita. Ban san zan damu haka ba.

Talata, 10 Nuwamba

Asibiti. Malama Sauda nas ta buɗe gwangwanin man, ta shinshina, ta kwashe da dariya. “Amarya, gidan biki za ki kai ta ko aji biyu?” Ta ce gilisirin ba ya cutar da yaro kamar Hajo in an sirka shi, kada dai a shafa zallansa, kada ya shiga ido ko baki. Turaren take zargi. In haɗa sabo babu shi, in ɗiga mata a cikin hannu ya kwana tukuna.

Hajo ta ce, “Anti, allura fa?” Babu. Na saya mata rake.

Laraba, 11 Nuwamba

Wurin da na ɗiga lafiya lau. Alhamdulillahi.

Juma'a, 20 Nuwamba

Lantana ta zo. Bayan gaisuwa ta janyo 'yar, ta juya hannuwa, ta duba diddige kamar mai sayen akuya. Ta ga tabon wuya. Na faɗa mata yadda aka yi. Can ta ce, “Ɗan zuba mini haɗin nan, na kai wa ƙannenta.” Ita kaɗai ta hau mota.

Lahadi, 22 Nuwamba

Littafin haya yana nan a shafin da na bar shi, ban san ko Jamila ta auri matuƙin jirgin ba. Hajo a jikina take yin karatun gida yanzu, wuyanta a kafaɗata. Maigidan ya ce kwana biyu bai ji turarena ba. Na ce ya ƙare.

Yana ƙasan akwati, ko rabi bai yi ba.