Labulen Tagogi Tara

Zuwa ga Telata, Maman Gimbiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Gimbiya. Yaya makarantarta? Yaya ciwon bayan Inna, ya sassauta? Ni ma lafiya lau nake, in aka cire gwiwar nan ta hagu da kika sani.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali kullum muna waya. To, a waya Gimbiya ce ke ƙwace kan, in ta miƙa miki kuma sai bakina ya yi nauyi, mu ƙare a "ya gida, ya aiki". Tun da na fito ban faɗa miki wata magana mai amfani ba.

An ba ni ɗaki a hawa na biyu, bayan filin atisaye. Gado ɗaya ne, da kujera mai gurguwar ƙafa, da famfon da sai ya yi tari kafin ya kawo ruwa. Da na buɗe jaka sai na ga kin cusa mini ɓari ɗaya na shuɗin labulenmu a ƙarƙashin takalma. Na rataya shi, amma tagar nan doguwa ce, ya gaza da kusan taƙi biyu. Rana na fitowa sai ta bi ta ƙasansa ta sauka a kan fuskata.

Wannan ce ƙungiyata ta goma sha uku, in ban ɓata lissafi ba. Abokan wasa Baba suke kirana. Wani ya tambaye ni wai da gaske na buga da kawunsa? Na ce na buga, har na taɓa zura masa biyu. Koci kuwa bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Ban ɗauko ka don ka ci mini ƙwallo ashirin ba. Ina da Dogo, ƙafarsa na da kyau amma bai san inda ake tsayawa ba. Kai ka ja masa masu tsaron baya, ka buɗe masa hanya." Kin ji fa! Ni da na taɓa cin goma sha bakwai a kaka ɗaya, yau ina da shekara talatin da huɗu na koma mai share wa wani hanya. Na ce to, na haɗiye.

Kwantiragin na wata shida ne, zuwa ƙarshen kaka. Ƙungiyar na can ƙasan teburi, in ba mu tashi tsaye ba za ta faɗa rukuni na ƙasa. Bayan nan inda zan nufa, Allah kaɗai ya sani.

Maganar da kika yi ranar tafiyata tana nan a kunnena: "Gida tara cikin shekara goma sha biyu. Gimbiya ta yi ƙawaye, ni ma na samu masu kawo mini ɗinki. Ba zan sake ɗaure kwali ba." Na ji haushi, na fita ban ko waiwaya ba. Har yanzu ina ganin da kin biyo ni da ya fi, amma ba faɗa na zo yi ba. Na gode da labule.

Ki gaida Inna, ki shafa mini kan Gimbiya.

Mijinki,
Matafiyi, kamar yadda kike faɗa


Zuwa ga Telata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya kuke, yaya ɗinki? Na samu amsarki, na karanta ta sau uku. Zanen da Gimbiya ta yi mini ya iso, sai dai ki tambaye ta me ya sa ta yi mini kai kamar kankana.

Bari in ba ki abin dariya. Ranar Asabar mun je wasa a gidan ƙungiyata ta bakwai, wadda a lokacinta muka zauna a saman kantin mai sayar da fenti. Muna sauka daga mota sai ƙafata ta ɗauke ni, na bi hagu kamar yadda na saba, na tura ƙofar ɗakin sauya kaya na masu gida. Na zauna a tsohon wurina, har na fara kwance igiyar takalmi, kafin na lura duk 'yan ɗakin na kallona, ga rigunansu ja a rataye, ni kuwa ina sanye da kore. Mai kula da kaya, tsohon nan mai gemu, shi ya fara fashewa da dariya. Ya kama hannuna ya ce, "Tashi, ɗana, ka ɓata gida. Zo in raka ka wurin mutanenka."

A hanya bai tambaye ni ƙwallo nawa na ci ba. Cewa ya yi, "Ina matarka, mai keken ɗinki? Allah ya yi mata albarka. Ka tuna ranar da sababbin riguna suka zo babu lambobi, wasa saura yini ɗaya? Ita ta ɗinke mana goma sha takwas." Wallahi na manta. Abin da nake tunawa a wasan nan shi ne ƙwallon da na ci da ka. An tashi ɗaya da ɗaya ranar Asabar, Dogo ya ci.

Amma ba don wannan na ɗauki biro ba. Kin ce in warware kalmasar ƙasan labule, akwai sauran yadi a ciki. Jiya da hantsi na sauke shi, na shimfiɗa a gado, na bi ɗinkin da reza a hankali kamar yadda nake ganin kina yi. Yadi ya yi ta fitowa, ninki bayan ninki. Ashe ba ki taɓa sa masa almakashi ba tun da kika ɗinka shi muna amarya da ango. Duk tagar da muka tarar, ninkawa kike yi ki kalmashe.

Sai na ga layuka. Kowane ninki ya bar sawunsa da ramukan allura, kuma a gefen kowane layi kin bar ɗan ƙullin zare. Ja, fari, ruwan ɗorawa, baƙi, ja kuma. Na daɗe ina kallo kafin in gane: ragowar zaren da kike gyara mini riguna da safa ne, launin kowace ƙungiya. Na ƙirga, tara cif. Ga tagar gidan da rufinsa ke yoyo. Ga ta gidan da aka haifi Gimbiya ina wasan waje, na dawo na tarar da ita da kwana biyu a duniya. Ga 'yar ƙaramar tagar inda muka yi wata huɗu kacal, sabon koci ya zo ya ce ba na cikin tsarinsa, kika kwance kayan da ba ki gama jerawa ba.

Telata, na zauna a bakin gado na rasa abin yi. Ni ina da kaset-kaset da hotunan jarida na duk inda na buga. Ke naki tarihin a ninke yake cikin ƙasan labule, shekara goma sha biyu ina wucewa ta gabansa ban taɓa ɗaga shi ba. Kunya ta kama ni. Ki yafe mini fitar da na yi ban waiwaya ba.

Labulen ya rufe tagar yanzu, har yana jan ƙasa. Ban iya kalmasa ba, da filoli na kama shi.

Naki har kullum,
Matafiyi


Zuwa ga Maman Gimbiya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya, kuma tarin Gimbiya ya tafi. Wannan gajeriya ce, don hannuna ba ya son rubuta ta.

Wakilina ya kira. Wata ƙungiya mai nisa, tafiyar yini biyu daga gida, tana so na. Shekara biyu, da gida mai ɗaki uku. Ya ce, "A shekarunka ba a samun irin wannan sau biyu. Ka ba ni amsa bayan wasan ƙarshe." Na faɗa miki a waya, kika ce, "Yi abin da ya fi maka." Na san wannan muryar. Ita kike yi in na sayo miki yadin da bai yi miki ba.

Ba zan ɓoye miki ba, raina na so. Ba gidan ne ke jan hankalina ba, tsoro nake ji. Tun ina ɗan shekara goma sha bakwai ban san wani aiki ba sai gudu zuwa raga. In na cire takalmin nan, wane ne ni? Tsohon kocina na can gida ya ce in zo in riƙa koya wa 'yan wasan gabansa yadda ake motsi ba tare da ƙwallo ba. Aiki ne, amma babu mai kiran sunanka daga kujerun 'yan kallo.

Likita ya sake zuƙe ruwa daga gwiwar. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Za ta iya kai ka shekara biyu. Amma kana son hawa bene da ƙafarka in ka kai hamsin?" Na yi dariya, shi bai yi ba.

Saura wasa uku. Ki sa mu a addu'a.

Mijinki


Zuwa ga abar alfaharina, Telata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta wanda ya yi kewa, ina fatan ke da Gimbiya da Inna kuna cikin ƙoshin lafiya. Na san kin ji sakamako, tunda Gimbiya ta kusa fasa mini kunne a waya. Mun tsira, ba mu faɗi ba. Amma abin da kika ji a rediyo daban, abin da ya faru daban, ki bar ni in ba ki nawa.

Dole sai mun ci, canjaras ba zai fisshe mu ba. Har saura minti takwas babu ci. Gwiwata ta yi zafi kamar an ɗora mata dutsen guga. Mai tsarona shi ne Katanga, wanda muka daɗe muna haɗuwa, shi ma ya zaga ƙungiyoyi kusan goma, furfura ta fara fito masa a gemu. Muka samu bugun kusurwa. Na dubi Dogo na ce, "Kar ka motsa sai na tafi. Ka ƙirga biyu." Ana bugowa na kwasa da gudu zuwa turken raga na kusa, ina ihu kamar ni za a ba. Katanga ya biyo ni, wani ma ya biyo ni, muka zube mu uku a ƙasa. Ƙwallo ta wuce ta samanmu ta tarar da Dogo shi kaɗai, ya sa kai.

Filin ya ɗauka da sowa. Aka yi kan Dogo, aka danne shi, aka ɗaga shi sama. Ni ina kwance da ciyawa a baki, babu wanda ya dubi inda nake. Washegari jarida ta buga hotonsa, ƙafata ɗaya ce kawai ta fito a gefe. Gaskiya da farko abin ya sosa mini rai.

Katanga ne ya miƙo hannu ya tashe ni. Yana haki ya ce, "Shekara goma kana yi mini wannan gudun, kullum ina bin ka. Su ba su gani ba, ni na gani. Ƙwallon nan taka ce." Ban san lokacin da na rungume shi ba, ga shi mun kayar da su.

A mota muna dawowa ana ta waƙa, ni kuwa ke nake tunani. Sau ɗaya na yi gudun da ba a gani ba, har ina jin ciwo a rai, kuma ni na samu wanda ya ce ya gani. Ke sau tara kika yi. Kin ɗaure kaya, kin kwance, kin nemi asibiti da kasuwa a garin da ba ki san kowa ba, kin bar masu kawo miki ɗinki kin sake nemo wasu, don in shiga fili da kai ɗaya. Aka ɗaga ni sama, aka buga hotona, ko ƙafarki ba ta fito a gefe ba. Kuma ni da ya kamata in ce na gani, ni ne na fita ina fushi.

To, na gani, Telata. Na makara, amma na gani. Ƙwallo ɗari da goma sha huɗu na ci tun da muka yi aure, babu ɗaya da ba ki buɗe mini hanyarta ba. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ni ikon rama ko da kaɗan ne.

Na kira wakilina. Ya yi ta magana, na bar shi ya gama, na ce na gode, a ba wani. Na kira tsohon koci na ce ya ajiye mini usur. Ban ce tsoron ya tafi ba, yana nan. Amma sau goma sha uku ina buga wasan farko a gaban baƙin fuskoki, wannan ma zan iya. Dogo ya zo har ɗaki da rigarsa ta wasan ya ba ni, yana ta sunkuyar da kai. Kocinmu na nan ya ce in na gaji da zaman gida ƙofa a buɗe take. Na ce masa ban taɓa gwada zaman gidan ba balle in gaji.

Takalman ba zan jefar ba, Gimbiya ta ce tana so ta zuba ƙasa ta shuka fure a ciki. Motar safe zan hau ranar Laraba, in Allah ya yarda. Na sauke labule na ninke shi da kaina, yana saman jaka, ba ƙarƙashin takalma ba. Kada ki nemi zare kore don tagar nan, ba ta cancanci ƙulli ba tunda babu ke a bayanta.

Abu ɗaya nake roƙo. In na iso, ki ɗauko ɗaya ɓarin, ki ba ni tef in riƙe miki, mu auna tagar ɗakinmu. Gefen mai ƙulle-ƙullen zaren ki ba ni in ajiye tare da hotunan jarida. Sauran kuwa, ki wasa almakashinki. Wannan karon yanke shi za ki yi, daidai tagar.

Ki gaida Inna. Ki ce wa Gimbiya mai kan kankana na nan tafe.

Mijinki mai godiya,
wanda sai kin nemo masa sabon suna