Fayil Uku da Jan Biro

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan da sauƙi. Inna tana fama da gwiwarta kamar kullum, 'yan biyu sun koma makaranta. Maigidana kuwa, tun da ɓarin jikinsa ya shanye, hannun dama bai dawo ba, magana ma sai kalma ɗaya-ɗaya. Shagon gyaran agogon mun rufe shi.

A kansa nake rubuto maka, kuma raina a jagule yake. Ka san wasan katin nan nasu da ake tarawa ana musaya, mai hotunan dodanni da mayaƙa, wanda na shekara ashirin ina masa tsiya a kai, wai gemai-gemai da shi yana wasan yara. To yau shi kaɗai ne ke sa ya ɗaga kai. Duk Asabar da yamma abokansa uku, Direba da Malamin Lissafi da Dogo mai walda, sukan zo su baje katunan a teburin falo. Da can shi ne alƙalinsu, domin yana da fayil uku na takardun da ya sauko da su daga shafin wasan na intanet ya buga. Duk dokar da aka sauya, sai ya gyara ta a gefe da jan biro.

Lokacin da muka koma ƙaramin gidan nan yana asibiti. Ka tuna a waya ka ce mini komai yana rumbun bayanan shafin, da ka rubuta sunan kati sai ƙarfinsa da sabon hukuncinsa su fito, takarda kuwa tsufa take yi. Ba laifinka nake gani ba. Ni ce maganar ta yi wa daɗi, don fayil ɗin sun yi nauyin buhun siminti. Na miƙa wa masu kwasar shara, ko buɗe su ban yi ba. Wata huɗu muna dubawa a waya lafiya lau. Ran nan Malamin Lissafi ya buɗe shafin ya tarar da shi fari fat, kamfanin ya daina wasan ya rufe komai. Ya ce kowa ya saki jiki da shafin, babu wanda ya adana kwafi, 'yan guntayen da ya tsinto a wasu wurare kuma suna ƙaryata juna.

Asabar ɗin da ta wuce musu ya kaure a kan katin Mai Gadin Hasumiya, ko zai iya tare hari sau biyu a zagaye ɗaya. Duk suka juya suna kallonsa. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna kantar littattafai, ni kuma na ce fayil ɗin suna cikin kwalin da ba a buɗe ba. Karo na uku ke nan ina wannan ƙaryar. Dogo ya tattara katunansa, ya ce wasa babu alƙali ɓacin rai ne kawai. Tsorona ke nan, Auta. In suka daina zuwa, zai koma juya fuska bango kamar watannin farko.

Don Allah ka duba tsohuwar kwamfutarka, wadda ya fara sauko da takardun a kanta kafin ka tafi. Ko rabi ka samu, turo mini in buga. Gyare-gyarensa na jan biro dai na san sun tafi ke nan.

Ka gaida matarka da Ƙaramar Inna, da Kawu in kun haɗu. Inna da 'yan biyu suna gaishe ku.

Za ka ga wata 'yar takarda a cikin ambulan ɗin. Shekaranjiya da safe na kawo masa magani, na tarar ya ɗauko jan biro yana kokawa da shi da hannun hagu a bayan takardar asibiti, gumi har wuya. Tun daga Asabar ɗin nan bai sake nuna kantar ba, ina jin ya gane babu fayil ɗin. Layi ɗaya ya iya rubutawa, ya miƙo mini in ajiye wa su Dogo, ina jin hukuncin katin nan ne. Ka duba ko kai za ka iya karantawa kafin Asabar. Ni na kasa, kuma ban iya gaya masa ba.

Taka har kullum,
Yayarka